Ellen Terry: me ya sa fim bai nuna girmanta ba?

Tambaya: Malam, barka da ƙoƙari. Ina karatun wasan kwaikwayo, kuma na sha karantawa cewa Ellen Terry ce babbar 'yar wasan Ingila a zamanin Sarauniya Victoria. Na nema har na sami guntun wani tsohon fim marar magana da ta fito a ciki, The Bohemian Girl, amma ban ga komai ba sai wata tsohuwa tana ɗaga hannu tana zare ido. Wace ce matar nan? Anya yabon nan ba zuzutawar Turawa ba ce kawai?

Amsa: Ƙanwata, Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a kan matar nan karin maganar bai zauna daidai ba. Fim ɗin da kika gani na 1922 ne. A lokacin tana da shekara 75, idonta ya yi rauni ƙwarai, kuma ba ita ce jarumar labarin ba, mai reno aka ba ta ta fito. Tauraron fim ɗin Ivor Novello ne da Gladys Cooper, sunanta kawai aka saya don a ƙawata allon talla. Kamar a nuna miki tsohon ɗan dambe yana dogara sanda ne, a ce ki auna nauyin hannunsa. Ba ki yi kuskuren gani ba. Abin da ya sa ta yi suna ne bai shiga cikin kyamarar ba, kuma don ki gane dalili sai na koma da ke baya sosai.

An haifi Alice Ellen Terry a garin Coventry ranar 27 ga Fabrairu 1847. Iyayenta, Benjamin da Sarah, 'yan wasa ne masu yawo gari-gari, irin waɗanda yau suna nan gobe sun naɗe kaya. Ba ta yi makarantar boko ta kirki ba. Mahaifinta ne ya koya mata furta kalma tar-tar, yana gyara mata magana ko a kan hanya suke. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: yayarta Kate, ƙannenta Marion da Florence da Fred duk sun hau dandamali, kuma John Gielgud, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan ƙarni na 20, jikan Kate ne. Ellen ta fara fitowa a 1856 tana da shekara tara, a gidan wasa na Princess's da ke Landan, ƙarƙashin Charles Kean, inda ta fito a matsayin yaro ɗan sarki a wasan Shakespeare mai suna The Winter's Tale.

Akwai labarin da ita kanta ta bayar wanda nake son ɗalibai su riƙe. Tana fitowa a matsayin ɗan aljani Puck a wani wasan Shakespeare, ana turo ta daga ƙarƙashin dandamali ta wata ƙofa da ke daɓe. Wani dare aka rufe ƙofar da wuri, ta datse mata yatsan ƙafa. Yarinya ta fasa ihu. Matar Kean ta zo ta raɗa mata cewa in ta daure ta ƙarasa jawabinta za a ninka mata albashi. Ta ƙarasa, tana kuka tana magana. Ki lura, ba ƙaunar fasaha aka yi mata alkawari da ita ba, kuɗi ne. Yarinyar tana cikin masu ciyar da gidansu, kuma wannan zaren na aiki don ciyar da wasu shi ne ya bi rayuwarta tun daga nan har zuwa fim ɗin da kika kalla.

Tana da shekara 16 ta auri mai zane George Frederic Watts, ranar 20 ga Fabrairu 1864, saura mako guda ta cika 17. Shi yana da 46. Ya ga kyanta ya zana ta, kuma a ganinsa zai tsamo ta daga sana'ar da mutanen kirki na lokacin ke yi wa kallon zubar da mutunci. Ya yi wani zane nata da ke nan har yau a gidan adana hotunan mutane na ƙasa a Landan: tana shinshinar wani fure mai kyan gani marar ƙamshi, a ɗaya hannun kuma ta riƙe wasu 'yan ƙananan furanni masu ƙamshi. Ma'anar a fili take, wato ta zaɓa tsakanin ƙyale-ƙyalen dandamali da zaman gida. Auren bai kai shekara ba. Gidan da Watts ke zaune ba nasa ba ne, na wata uwar ɗakinsa ce mai suna Sara Prinsep, wadda ta ɗauki amaryar tamkar yarinyar da za a riƙa tsawata wa a gaban baƙi. Bayan wata goma aka mayar da ita gidan iyayenta, da alkawarin fam 300 a shekara muddin ta kame kanta. Sakin bai tabbata a kotu ba sai 1877.

Ta koma wasa ba da son ranta ba. A 1868 kuma ta bar komai ta bi Edward William Godwin, mai tsara gine-gine da ta sani tun tana wasa a Bristol. Ba aure, domin igiyar Watts na kanta. Suka tare a karkarar Hertfordshire, ta yi shekara shida ba ta taka dandamali ba, tana kiwon kaji da agwagi, tana girki da wanki. Ta tafi ba sallama, har aka tsamo gawar wata yarinya daga kogi mahaifinta ya ce ita ce, sai da ta zo da ƙafarta aka san tana raye. A can ta haifi Edith a 1869 da Edward a 1872, waɗanda daga baya suka ɗauki sunan Craig. A Ingilar Victoria wannan babban abin kunya ne. Abokai da dama sun janye jiki, ciki har da marubuci Lewis Carroll, wanda ya yi shekaru bai neme ta ba.

Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Godwin gwani ne wajen tsara gida amma bai iya riƙe kuɗi ba, bashi ya taru har masu karɓar bashi suka fara kwashe kayan ɗaki. Wata rana ƙafar keken dokinta ta fita a kan hanya, sai ga marubuci Charles Reade ya tsallako shinge a kan doki yana farauta. Ya gane ta, ya ce ta dawo wasa. Ta ce sai in za a ba ta fam 40 a mako, tana ganin ba mai biya. Ya ce ya biya. Ki tuna a shekarun nan leburan gona a Ingila bai kai fam ɗaya a mako ba. Haka ta dawo a 1874. Shekara guda bayan nan ta fito a matsayin Portia a The Merchant of Venice a gidan wasan su Bancroft, wasu ma'aurata 'yan wasa. Wasan bai yi kasuwa ba, amma duk wanda ya gan ta ya fita yana zancenta. A shekarar nan Godwin ya rabu da ita. A 1877 ta auri ɗan wasa Charles Kelly, musamman don 'ya'yanta su sami inuwar uba kuma iyayenta su sake buɗe mata ƙofa. Shi ma auren bai daɗe ba, giya ta ɓata shi.

To, yanzu mun zo inda sunanta ya kafu. A ƙarshen 1878 ɗan wasa Henry Irving ya karɓi ragamar gidan wasa na Lyceum, ya ɗauke ta ta zama babbar 'yar wasansa. Sun fara da Hamlet ranar 30 ga Disamba, ita tana Ophelia, kuma suka yi aiki tare har 1902, shekara 24. Manajan kuɗin gidan shi ne Bram Stoker, wanda duniya ta fi sani da littafin Dracula. Lyceum a hannun Irving ba ƙaramin wuri ba ne: ɗaruruwan ma'aikata, masu kiɗa, masu zanen labule, masu kula da fitilun gas. Irving na cikin waɗanda suka dage a kan a rage hasken wajen 'yan kallo don ido ya tattaru a kan dandamali. Daga 1883 suka fara kai wasanninsu Amurka, da jiragen ƙasa cike da kaya, kuma sun koma sau da yawa. Ta zama ɗaya daga cikin matan da suka fi kowa albashi a Ingila.

Me take yi da ya sa mutane ke kwana a layi? Wannan ita ce ainihin tambayarki, don haka bari in tsaya a nan.

Na farko, murya. Waɗanda suka ji ta sun ce muryarta tana da ɗan dishi-dishi mai daɗi, kuma tana furta baitocin Shakespeare kamar yanzu tunanin ya faɗo mata. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Salon da aka gada kafin ita shi ne a tsaya a ƙame, a rera baiti da ƙarfi kamar mai shela. Ita kuwa sai ta sa ka manta cewa hadda ce. In kin karanta The Merchant of Venice a sakandare, kin san jawabin Portia a kotu, inda take roƙon Shylock ya yi jinƙai ya bar laban naman da ya sa a yarjejeniyar bashi. 'Yan wasa da yawa suna mayar da jawabin nan wa'azi ga 'yan kallo. Ita ta mayar da shi magana tsakanin mutum biyu, tana lallashin mutum ɗaya da ke gabanta. Da ita da Irving sun yi wasan nan dare 250 a jere daga Nuwamba 1879, abin da ba a saba gani ba ga wasan Shakespeare.

Na biyu, sauri da motsi. Ba ta tsayawa wuri ɗaya. Masu sharhi sun yi ta faɗin cewa kamar ba ta taka ƙasa, kuma tana iya juyawa daga dariya zuwa hawaye a cikin layi guda. Shi ya sa mutane da yawa ke ganin Beatrice, mace mai kaifin baki a Much Ado About Nothing, wadda ta fara yi a Lyceum a 1882, ita ce ƙololuwar aikinta. Barkwanci irin wannan a kan lokaci yake rayuwa: ki jinkirta amsa da rabin numfashi, dariyar ta mutu. Kuma ɗan wasa yana auna lokacin ne da kunnensa, yana sauraron ɗakin. In 'yan kallo sun yi dariya ya dakata, in sun yi tsit ya matsa. Duk daren da aka yi wasa, ita da mutanen da ke zaune a duhu ne suke ƙera abin tare.

Na uku, kada ki ɗauka baiwa ce kawai. Wannan shi ne kuskuren da masu yabonta na zamaninta suka yi, suna ta cewa fara'a, fara'a, kamar ba ta da ƙwaƙwalwa. Littattafan wasanta suna nan, gefen kowane shafi cike da rubutun hannunta: inda za ta ja numfashi, kalmar da za ta danna, abin da matar ke tunani alhali bakinta na faɗin wani abu daban. Da za ta yi Ophelia, wadda ta haukace a ƙarshen wasan, ta je gidan masu taɓin hankali don ta gani da idonta. Ta ce yawancinsu sun yi mata kama da masu wasan kwaikwayo, ba abin da za ta ɗauka, sai wata siririyar yarinya da ta ƙura wa bango ido ba motsi, can kuma ta zabura ta ratsa ɗakin a guje kamar tsuntsuwa. A nan ta sami abin da take nema. Duk da haka, a daren farko ta tabbatar wa kanta cewa ta gaza, ta fice daga gidan wasan kafin a kira ta a tafa mata, ta shiga keken doki tana kai da kawowa a bakin kogin Thames. Ta sha faɗin cewa abu uku ɗan wasa ke buƙata: ƙwazo, basira, da iya suranta abu a zuci, kuma na ƙarshen ya fi sauran.

Inda aka fi jayayya a kanta shi ne matar Macbeth a 1888. Tun zamanin Sarah Siddons, shahararriyar 'yar wasa da ta gabace ta, an saba ganin matar nan a matsayin dodo, mace mai zuciyar dutse da ke tura mijinta kisa. Ellen ta ƙi. Ta fito da ita a matsayin mace mai tsananin son mijinta, wadda burinta na ganin ya hau gadon sarauta ya rufe mata ido, daga baya nadama ta cinye ta daga ciki. Wasu masu sharhi suka ce ta yi laushi da yawa. Ni a ganina karatunta ya fi dacewa da matar da za ta ƙare tana yawo cikin barci tana wanke hannu, domin dodo ba ya rasa barci. Rigar da ta sa a wasan ta zama abin tarihi: koriya ce mai sheƙi, Alice Comyns Carr ta tsara ta, aka ɗinka mata fukafukan wani koren ƙwaro kusan dubu, don ta riƙa walƙiya kamar fatar maciji a hasken fitila. John Singer Sargent ya zana ta cikin rigar a 1889, tana ɗaga kambun sarauta sama da kanta. Abin dariya, wannan tsayuwar ba ta cikin wasan, mai zanen ne ya ƙirƙiro ta. Ko hoton da aka fi saninta da shi ma ba abin da ta yi a dandamali ba ne.

Zaman Lyceum yana da nasa farashi. Gidan na Irving ne, shi ke zaɓen wasa, kuma yana zaɓen wanda zai haska shi. Ta so ta sa baƙaƙen kaya a haukan Ophelia, aka fahimtar da ita cewa mutum ɗaya ne ke sa baƙi a wasan nan, shi ne Hamlet. Ta yi ta burin fitowa a matsayin Rosalind a As You Like It, amma da yake ba wani babban matsayi na Irving a ciki, har ta tsufa ba ta samu ba. George Bernard Shaw, wanda a lokacin yake sharhin wasanni a jarida, ya yi ta caccakar Irving cewa yana ɓata basirar matar a kan tsofaffin wasanni maimakon sabbin irin na Ibsen, marubucin wasa ɗan Norway. Shaw da Ellen sun yi shekaru suna musayar wasiƙu masu daɗi, kusan ba tare da sun haɗu ido da ido ba, kuma an buga wasiƙun a 1931. Ya rubuta mata wasa musamman, Captain Brassbound's Conversion, wanda ta yi a 1906. Ni dai ban yarda da Shaw gaba ɗaya ba. Lyceum ya tauye ta, gaskiya ne, amma shi ne kuma ya ba ta shekara ashirin da 'yan kai na albashi tsayayye, da dandamali mafi kyau a ƙasar, ga mace mai 'ya'ya biyu da ba mai tallafa mata.

Bayan rabuwarsu da Irving sai abubuwa suka fara gangara. A 1903 ta kama gidan wasa na Imperial da kuɗinta, ta sa wani wasan Ibsen, ɗanta Edward, wanda aka fi sani da Gordon Craig, ya tsara dandamali da haske, 'yarta Edith ta ɗinka kaya. Masana sun yaba, 'yan kallo ba su zo ba, ta tafka asara. Gordon Craig ya zama babban mai sauya tunani a kan tsarin dandamali a Turai, har ya yi aiki da Stanislavski, babban mai shirya wasa na Rasha, a Mosko, amma mutum ne mai tara 'ya'ya da mata daban-daban ya bar wa uwarsa ɗawainiya. Ga 'yan'uwa, ga tsofaffin abokan aiki da suka talauce, kuma ita hannunta a sake yake. Irving ya rasu a 1905. A watan Yuni 1906 aka yi mata bikin cika shekara 50 a dandamali a gidan wasa na Drury Lane, mawaƙi Caruso ya yi waƙa, 'yar wasa Eleonora Duse ta zo daga Italiya, aka tara mata kusan fam 6,000. Biki ne na girmamawa, amma kowa ya san tana buƙatar kuɗin. A 1907 ta yi aure na uku a Pittsburgh da ɗan wasan Amurka James Carew, wanda ta girma da kusan shekara 30. Bayan 'yan shekaru suka rabu da zama, suka ci gaba da mutunci.

Hadda ta fara kuɓuce mata, har takan ɓoye 'yan takardu a kan kujeru da tebura na dandamali. Sai ta sauya dabara. Daga 1910 ta riƙa yawo tana lacca a kan matan da ke cikin wasannin Shakespeare, tana bayani tana kuma yin guntayen jawabansu, da takarda mai manyan haruffa a gabanta. Ta kai laccar Amurka, ta kai Ostareliya da New Zealand a 1914, inda Yaƙin Duniya na Ɗaya ya same ta. A 1915 aka yi mata aikin yanar ido a Amurka, amma ganin bai dawo yadda ake so ba.

A wannan hali fim ya same ta. Ki san cewa a farkon ƙarni na 20 manyan 'yan wasan dandamali suna raina majigi, suna ganinsa abin kallon 'yan kasuwa da yara. Kamfanonin fim kuma suna neman mutunci, sai suka riƙa sayen manyan sunaye. Sarah Bernhardt ta Faransa ta yi fim a kan Sarauniya Elizabeth a 1912, Johnston Forbes-Robertson ya yi Hamlet a 1913 yana da shekara 60, Duse ta yi fim ɗinta guda ɗaya tak a 1916. Ellen ta shiga a shekarar 1916 ɗin da Her Greatest Performance, tana da shekara 69, inda ta fito a matsayin tsohuwar 'yar wasa da ta yi amfani da gwanintarta don ta wanke ɗanta daga zargin kisa. Edith ma ta fito a ciki. A 1918 ta shiga wani fim na farfagandar yaƙi da gwamnati ta ɗauki nauyi, Herbert Brenon ya shirya, amma yaƙi ya ƙare kafin a kammala fitar da shi, ba a nuna wa jama'a ba. Sai Pillars of Society a 1920, da Potter's Clay da The Bohemian Girl a 1922. Ke nan. Ba ta taɓa ɗaukar kanta 'yar fim ba, aiki ne da ya zo a lokacin da bashi ya yi yawa, har ta bar gidanta na Chelsea ta koma ɗan ƙaramin ɗaki.

Yanzu ki jera abin da na ce ƙarfinta ne, ki ga abin da fim na lokacin ya bari. Murya, babu. Baitin Shakespeare, babu, sai 'yan kalmomi a rubuce a kan allo. 'Yan kallon da take auna numfashinta da nasu, babu, sai wani mutum yana juya hannun kyamara. Wasan da take ginawa tun daga farko har ƙarshe a awa uku, an yanyanka shi guntu-guntu, a ɗauki na ƙarshe kafin na farko. Launi, babu: gashinta mai ruwan zinariya da idonta mai haske, waɗanda masu zane suka yi ta bi, fim ɗin lokacin ba ya kama su daidai, domin yana mayar da ja baƙi, shuɗi kuma ya koɗe ya koma fari. Shi ya sa idanun 'yan wasa da yawa a tsofaffin finafinai ke fitowa kamar a zare. Sannan akwai matsalar gudu. Yawancin finafinan nan an ɗauke su da hoto 16 zuwa 20 a daƙiƙa, in aka kunna su da gudun 24 na fim mai magana sai kowa ya riƙa fizge-fizge kamar an tsikare shi. Guntayen da ke yawo a intanet da yawa haka suke. Ɗaga hannun da ya ba ki dariya kuwa, motsi ne da aka horar don mutumin da ke zaune can saman bene a ƙarshen ɗaki ya gani. Kyamara ta matso kusa da abin da aka yi don nesa. 'Yan wasan da suka taso da fim, irin su Lillian Gish, sun koyi rage motsi su bar ido ya yi aiki. Mace mai shekara 75 da ba ta ganin alamar da aka zana mata a ƙasa ba za ta sake koyon sana'a ba.

Ban ce miki duk yabon da aka yi mata gaskiya ba ne. Tana da iyaka. Ba ta da irin ƙarfin nan mai girgiza ɗaki da ake so a manyan wasannin baƙin ciki, kuma ko masoyanta sun yarda Juliet ɗinta ba ta kai Beatrice ba. Akwai kuma kishin ƙasa a ciki, Ingila na son tata da za ta jera da Bernhardt da Duse. Amma shaidun sun yi yawa kuma sun fito daga mutanen da ba sa jituwa da juna. Shaw da ba ya yabon kowa, Oscar Wilde da ya rubuta mata waƙoƙi, Virginia Woolf da ta gan ta a tsufa tana manta layi amma ta ce in ta shigo sauran 'yan wasan sai su dushe. Da wuya a haɗa bakin irin waɗannan a kan ƙarya ɗaya.

Hukuma kuwa ta yi jinkiri. An ba Irving sarautar Sir a 1895, ɗan wasa na farko da ya samu. Ita sai 1925 aka ba ta Dame, takwarar Sir ga mata, shekara 30 bayansa, har an riga an ba 'yar wasa Geneviève Ward, haifaffiyar Amurka, a 1921. Masu tarihi da yawa suna danganta jinkirin da shekarun nan shida na Hertfordshire da 'ya'yan da aka haifa ba aure. A shekarar 1925 ɗin ta yi fitowarta ta ƙarshe a dandamali. Ta rasu ranar 21 ga Yuli 1928 a gidanta na Smallhythe da ke Kent, tana da shekara 81, bayan shanyewar jiki. Fim mai magana ya fara a Amurka a 1927, na Ingila ya biyo baya a 1929. Da ƙyar suka saɓa. An sami wata waƙa da ta kwafa da hannunta, mai cewa kada a yi baƙin ciki a jana'izarta, don haka mutane suka zo da tufafi masu haske maimakon baƙaƙe. Tokarta na cocin St Paul da ke Covent Garden, wanda ake kira cocin 'yan wasa. Edith ta mayar da gidan Smallhythe wurin tarihi, ta mai da rumbun da ke bayansa ƙaramin gidan wasa a 1929, kuma koriyar rigar nan tana can, an yi mata gyara na tsanaki aka sake baje ta a 2011.

In kina son ki kusanci abin da mutanen Lyceum suka ji, ki bar fim ki nemi faifan garmaho. A 1911 kamfanin Victor na Amurka ya ɗauki muryarta tana karanta guntayen Shakespeare, ciki har da jawabin jinƙai na Portia da wurin da Juliet za ta sha maganin barci. Tana da shekara 64, faifan yana ƙara kamar ana suya, kuma salon zai yi miki tsufa a kunne da farko. Ki buɗe littafin a gabanki, ki saurara sau uku. A na uku ki sa fensir ki yi alama a duk inda ta ja numfashi da duk kalmar da ta danna, sannan ki karanta jawabin da bakinki ki gwada bin alamominki. Ki kawo mini takardar in mun haɗu, mu duba tare.